Wa Aka Yi Wa Waƙar?

Assalamu alaikum. Ni tsohon mai gyaran rediyo ne kuma mai sayar da kaset a Kaduna. Sana'ar ta riga mu mutuwa, ido kuma ya yi rauni, yanzu sai ɗan gyaran fanka da tocila nake taɓawa a ƙofar gida don kada zama ya cinye ni. 'Yata ce ke rubuta wannan a wayarta ina faɗa mata, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana ko da ta ji inda bai yi mata daɗi ba. Na san abin da malamai da yawa suka faɗa a kan kiɗa, ban zo jayayya da kowa ba. Abin da ya same ni zan faɗa.

A 1978 mahaifina ya ɗauko ni daga Zariya, ina ɗan shekara 14, ya damƙa ni ga wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Aikina sharar shago, sayo abinci, riƙe waya idan maigida yana narka dalma, da goge kan rikoda da auduga da sifirit. Idan rikoda ta tauna kaset ni ake miƙa wa, in warware zaren a hankali in naɗe shi da biro. A wannan shekarar duk inda ka juya Boney M kake ji. Tasha, shagon aski, gidan biki na 'yan boko, ko'ina "Rivers of Babylon". Mu yaran shago mun haddace sautinta tsaf, ba mu san kalma ko ɗaya ba, muna rerawa muna karkaɗa kafaɗa.

A wurinmu waƙa tana da mai ita. In aka sa Shata ko Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, tambayar farko da yaro zai yi ita ce, wa ya yi wa? Nan take wani dattijo zai gyara zama ya gaya maka: sarkin gari kaza ne, ko wani attajiri, ko direba, ga abin da ya ba mawaƙin, ga wanda ake yi wa habaici a baiti na uku da abin da ya haɗa su. Rabin daɗin waƙar yana cikin wannan labarin. Waƙar Turawa kuwa duk sunanta ɗaya a bakinmu, disko. Mun ɗauka ba ta da ubangida ba ta da asali, hayaniya ce aka haɗa don masu rawa.

Wanda ya cire mini wannan tunanin wani malamin makaranta ne ɗan Gana, mutumin Kumasi, kowa Ticha yake ce masa. Yana da wata tsohuwar rikoda mai yawan cin bel, kusan duk wata sai ya kawo ta. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, mu kuwa mu yi ta dariya a ɓoye. Wata rana ya same ni ina rera waccan waƙa ina taka rawa da tsintsiya a hannu. Ya ce, "Yaro, ka san abin da kake yi wa rawa?" Na ce a'a, Ticha. Ya ce kuka ne. Kalmomin daga Zabura aka ɗebo su, kukan Bani Isra'ila ne bayan an rushe musu Ƙudus an kwashe su bayi zuwa Babila, ƙasar Iraƙi ta yau, sama da shekara 2,500 da suka wuce. Suna zaune a bakin kogi, waɗanda suka kamo su suna cewa ku yi mana waƙa, su kuwa suna cewa ina bakin waƙa a ƙasar da ba tamu ba. Ya ce wasu 'yan Jamaika, The Melodians, su suka fara yin ta a 1970, jikokin bayi ne su ma, da kansu suke. Sai wani Bajamushe, Frank Farian, ya ɗauka ya sa mata kiɗan rawa. Na ajiye tsintsiyar. Daga baya ma na ji cewa muryar namijin da ke cikin faifan Boney M ta Bajamushen ce, baƙin da muke gani a hoton kaset rawa ce aikinsa. Duniya ke nan.

Daga ranar na zama ƙarfen ƙafa ga Ticha. Da ya shigo zan ciro kaset in ce, wannan fa, wa aka yi wa? Ashe kusan kowace tana da mai ita.

Wadda ta fi ba shi dariya ita ce "No Woman, No Cry" ta Bob Marley. Samarin kasuwa sun fassara ta da kansu: babu mace, babu kuka. Duk wanda budurwa ta yaudara sai ya zo ya ce a sa masa, yana kaɗa kai wai Bob ya san halin mata. Ticha ya ce Turancin Jamaika ne ya ruɗe mu, kamar buroka yake. Rarrashi ne, a'a baiwar Allah, daina kuka. Yana tuna mata zaman da suka yi a Trenchtown, unguwar talakawa a Kingston, da kwana a tsakar gidan haya ana hura wuta ana dama kunun masara, yana ce mata komai zai daidaita. Kuma in ka duba sunan marubuci a jikin faifan ba na Bob za ka gani ba, na wani abokinsa ne, Vincent Ford, wanda ke dafa abinci yana ciyar da mayunwata a unguwar, Bob na cikin waɗanda suka ci daga tukunyarsa. Kuɗin waƙar ta hannunsa suke bi. Na yi ta gaya wa samari wannan, ba su yarda ba. Fassararsu ta fi musu daɗi.

Ranar 9 ga Disamba 1980 da safe, ana hazo, Ticha ya zo babu rikoda a hannunsa. Ya zauna a benci ya ce an harbe John Lennon a New York jiya da dare, a ƙofar gidan da yake zaune. Ban san ko wane ne ba. Ya ce ɗaya daga cikin Beatles, samari huɗu 'yan Liverpool da suka girgiza duniya kafin in yi wayo. Ya zaro kaset daga aljihu ya ce in sa masa "Hey Jude". Maigidana ba ya son wannan waƙar ko kaɗan, don ta haura minti bakwai, tana cinye wurin waƙa biyu a kaset, kuma kusan minti huɗun ƙarshe amshi ɗaya ake ta nanatawa. Amma ranar bai ce komai ba. Da ta ƙare na yi tambayata ta kullum.

Ticha ya ce wani yaro ɗan shekara biyar aka yi wa, sunansa Julian, ɗan John na fari. A 1968 John ya bar uwar yaron, Cynthia, ya koma wa wata 'yar Japan, Yoko Ono. Mutanen da ke cin arziki a jikin John duk suka janye daga matar, kowa na gudun ɓacin ran maigida. Sai abokinsa Paul McCartney, wanda suke rubuta waƙa tare tun suna samari, ya shiga motarsa shi kaɗai ya kama hanyar Weybridge, bayan garin Landan, don ya duba ta da yaron. A hanya yana tuƙi yana tunanin me zai ce wa yaron da gidansu ya watse, sai waƙar ta zo masa. Da farko "Jules" yake cewa, sunan da ake kiran yaron da shi, daga baya ya mayar da shi Jude don ya fi zama a baki. Ta fito a watan Agusta na shekarar, ta yi mako tara tana kan gaba a Amurka. Kuma John ɗin, uban yaron, yana cikin masu kiɗa da amshi.

Na ce, "Ticha, ashe wannan John ɗin mutumin banza ne." Ya ce, "Kai, bari ya kwanta tukuna, jiya aka kashe shi." Sannan ya gaya mini cewa shi ma John uban nasa ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya tafi ya bar shi, yana ɗan shekara biyar ya koma hannun yayar uwarsa, Mimi, uwar kuma mota ta kaɗe ta ta mutu a 1958 yana da shekara 17. Ga shi yanzu ɗansa ma yana da 17 aka kashe uban. Na ji wannan ɓangaren, amma ban riƙe shi ba. Abin da na riƙe shi ne mugun uba da abokin kirki, kuma a raina na san ni wane ne a cikinsu.

A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa. 'Yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya da irin jakar nan da har yau sunansu take amsawa. Ticha ya zo sallama, ya bar mini kwalin kaset da rikodar nan tasa mai cin bel, ya ce ba za ta kai Kumasi ba. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na buɗe shagona a 1987. Na sayi rikoda mai baki biyu, ina sayo TDK da Maxell babu komai a ciki, ina ɗaukar wa mutane zaɓinsu, C-60 ko C-90, in rubuta sunayen da biro a jikin kwalin. Nan na gane labari ke sayar da kaset. Mutum ya zo neman Don Williams, in sa masa wata in ba shi labarinta, ya tafi da biyu. Ina sayen tsofaffin mujallun Turai a wurin masu baza littattafai a bakin titi, ina haɗa baƙi da ɗan Turancin firamare, abin da ya gagare ni in tambayi ɗaliban kwaleji. Labarin da na fi gwanancewa a kai shi ne na Julian. Na ba da shi ya fi a ƙirga. Ina ma ƙara masa gishiri da cewa Paul ɗin har Legas ya zo a 1973 ya yi faifai a Apapa, 'yan fashi suka tare shi da wuƙa suka ƙwace kaset ɗinsa, Fela kuma ya ce ya zo satar kiɗan baƙar fata. Wannan gaskiya ne, kuma yana sa mai saye ya ji kamar ɗan gida ne. In na kai wurin John sai in tsuke baki in ce, ku ji rashin imani.

Duk da wannan ilimi nawa na yi ta tafka kuskure ban sani ba. Kaset ɗin biki nawa na haɗa wa ango da amarya da "Every Breath You Take" ta The Police a farko? Waƙar 1983 ce mai sanyin kiɗa, kowa ya ɗauka soyayya ce. Ashe Sting, babban mawaƙinsu, ya rubuta ta ne lokacin da aurensa na fari ke mutuwa, maganar mai baƙin kishi ce da ke gaya wa wadda ta bar shi cewa duk inda ta taka idonsa na kanta. Shi da bakinsa ya ce muguwar waƙa ce, yana mamakin masu sa ta ranar aure. "Happy Birthday" ta Stevie Wonder kuwa babu ɗan boko da zai yanka kek a Kaduna ban sayar masa da ita ba, alhali ta neman haƙƙi ce. Ya yi ta a 1980 don a tilasta wa gwamnatin Amurka ta ware ranar hutu saboda Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata da aka harbe a 1968, kuma aka yi nasara, Shugaba Reagan ya sa hannu a 1983, aka fara hutun a 1986. Sai "I Will Always Love You". A 1993 har na gaji da ɗaukarta, kowace budurwa Whitney Houston take so. Ta Dolly Parton ce tun 1974, kuma ba saurayi ta yi wa ba. Ubangidanta ta yi wa, Porter Wagoner, wanda ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin shekara bakwai, ta ga lokacin cin gashin kanta ya yi shi kuma ya ƙi sakinta. Waƙar sallama ce, irin ta yaron shago da ke neman a yaye shi ba tare da baram-baram ba. Ni dai nawa yayen da faɗa aka yi shi, amma wannan wani zance ne.

Na yi aure a 1988, aka haifa mini ɗa namiji a 1989. Uwarsa mace ce mai haƙuri, ba zan ɗora mata laifin da ba ta yi ba don in wanke kaina. Kasuwa ta buɗe, na sayi babur, na fara jin kaina. A 1994 na ƙara aure. Wata biyar ba a yi ba gidan ya ƙi zaman lafiya, kuma maimakon in yi adalci sai na zaɓi inda zuciyata ta karkata. Na rubuta wa uwargida takarda. Ta koma gidansu a Zariya da yaron. Shekararsa biyar.

Wallahi ko sau ɗaya lissafin bai zo mini ba. A watan da na sake ta na tabbata na ba wani labarin Julian a shago, na tsuke baki a inda na saba tsukewa.

Na ce zan ɗauko shi idan ya yi wayo. Da uwar ta sake aure aka bar shi wurin kakarsa, na ce zan ɗauko shi idan ya gama firamare. Daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar sa'a guda ce, garinmu ne kuma, ina zuwa gaida iyayena, amma sai in shiga in fito ban leƙa unguwarsu ba. In wani ya yi mini magana ina da amsa a shirye: ɗan fari ne, akwai kunya. Al'adarmu ta ce kada ka kira sunansa, kada ka nuna shi a gaban mutane, kada a ga kana wasa da shi. Ba ta ce kada ka san lambar takalminsa ba. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayanmu ba har ya koma ga Allah, amma ya san ranar da ya kwana da zazzaɓi. Ni na sami inuwa ce na fake.

Shagon da ke manne da nawa na wani tela ne, aminina tun muna yaran shago, tare muke cin abincin rana a kwano ɗaya. Shi ya riƙa zuwa. Duk bayan mako biyu, ranar Lahadi, zai hau mota a Kawo ya tafi Zariya da ɗan biredi da lemo. Duk Sallah zai ɗinka wa yaron kaya, yana auna shi da ido. Yakan leƙo ya ce, "Malam, kawo kuɗin yadin mutumin." Wani lokaci in bayar, wani lokaci in ce kasuwa ba ta ci ba. Ko na bayar ko ban bayar ba kayan sai sun tafi, kuma abin da yake gaya wa yaron ɗaya ne: babanka ya aiko. Yaron yana ce masa Baba Tela.

Abin da na saka masa da shi, 'yata ta ce kada a rubuta, na ce a rubuta. Wata rana a gaban mutane na ce masa wannan zirga-zirgar ta isa, in uwar yaron yake so ya fito fili ya faɗa. Matar tana gidan wani mijin a lokacin. Ya ajiye almakashi ya dube ni ya ce, "Allah ya shirye ka." Bayan wata biyu ya tashi daga layinmu. Zariya kuwa bai fasa zuwa ba.

Sauran shekarun babu abin faɗa a ciki. Faifan CD ya zo ya kashe kaset, masu tura waƙa a waya suka zo suka kashe CD, na koma gyara zalla, na bar shagon. Yaro ya girma can. Yana zuwa gaishe ni da Sallah, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, ina wuni," mu yi shiru, in ba shi kuɗin mota ya ce yana da shi.

A 2016 aka kawo mini goro da katin ɗaurin aurensa. An je neman aure, an yanka sadaki, an sa rana, duk ban sani ba. Baba Tela ne ya karɓa masa auren. Wannan ba abin magana ba ne, dama ba uba ke karɓa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne da yamma a wurin walima, ƙannensa sun haɗa hotunansa tun yana yaro ana nunawa a bango. Ga shi ranar saukar Alƙur'ani da allo a hannu, Baba Tela a gefe. Ga shi ranar gama sakandare, Baba Tela. Ga shi da kakin bautar ƙasa, Baba Tela ya dafa kafaɗarsa, gemu ya yi fari. Na zauna ina jira in ga kaina ko sau ɗaya, har aka kashe na'urar.

Da muka dawo Kaduna barci ya ƙi zuwa. Na ce wa wannan 'yar tawa ta nemo mini "Hey Jude" a waya, na yi shekaru ban ji ta ba. Na fara ba ta labarin kamar yadda na saba, da muryar shago. Ta ce, "Baba, ai ga abin da yaron ya faɗa da ya girma," ta karanta tana fassara mini. Julian ya ce shi da Paul sun fi shaƙuwa fiye da shi da mahaifinsa, kuma hotunansa yana wasa da Paul sun fi nasa da ubansa yawa nesa ba kusa ba. Ta karanta cewa bayan mutuwar John yaron ya riƙa bin wuraren gwanjo yana sayen kayan ubansa da kuɗin aljihunsa don ya sami abin tunawa. Sai ta kai wani wuri ta yi dariya, don ita ba ta san abin da take karantawa ba. A wata hira da aka yi da John a 1980, watanni kaɗan kafin a kashe shi, ya ce shi kullum yana jin waƙar kamar shi aka yi wa, wai Paul ne ke sa masa albarka ya je ya bi sabuwar matarsa. An yi waƙa don a share hawayen ɗansa, ya yi amshi a cikinta, ya ji ta shekara goma sha biyu, kuma kansa yake gani a ciki.

Na ce ta kashe wayar. Shekara 36 ina ɗauke da labarin nan, 22 daga ciki ina aikata shi.

Ba zan ce muku washegari komai ya gyaru ba. Na je Zariya na sami Baba Tela a gida, na roƙe shi gafara a gaban iyalinsa tunda a gaban mutane na ci masa mutunci. Ya ce ai ya manta, ya sa aka kawo fura. A nan na tambaye shi ko yaron ya san ba ni nake aiko da kayan Sallah ba. Ya ce tun yana aji uku ya sani, amma bai taɓa nunawa ba, yakan karɓa ya ce a yi wa Baba godiya, don kada shi Baba Tela ya ji kunya. Na je wurin yaron ma, a gidansa. Na yi magana mai tsawo, ya saurara kansa a ƙasa, da na gama ya ce, "Ba komai, Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ladabi tsantsa, babu inda za ka kama. Na fito na san ban shiga ba. Na ci gaba da zuwa duk wata. Matarsa tana ce mini Baba, 'ya'yansa suna hawa jikina suna cire mini hula. Shi yana nan a kan Alhaji.

A damina ta 2021 wayata ta yi ƙara bayan sallar asuba. Shi ne. Ya ce, "Baba ya rasu." Sai da na yi shiru na ɗan lokaci kafin na gane wa yake nufi.

A wurin zaman makoki yana cikin 'ya'yan mamacin a kan tabarma, jama'a na bin layi suna yi musu gaisuwa. Na tsaya ina tunanin inda ya kamata in zauna. Daga ƙarshe na cire takalmi na bi layin. Da na iso gabansa na miƙa masa hannu na ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Ya ce, "Amin, na gode." Na matsa don na bayana ya samu wuri.

Bayan sadakar arba'in ya zo Kaduna da wani abu a cikin buhu. Rikodar Baba Tela ce, wadda ke kan teburin yankansa tun muna layi ɗaya, ni na sayar masa da ita. Ya ce iyalan sun ba shi, yana so ta yi aiki don akwai kaset na karatun da marigayin yake saurare, ya kai wa masu gyara biyu sun ce ba a samun kayanta. Na buɗe ta a gabansa. Bel ne ya narke ya manne, sai kai da ya yi datti. Ina da irin bel ɗin a cikin kwalin Ticha, aikin minti ashirin ne. Na mayar da murfin na ce masa aikin zai ɗauki lokaci, sai ya riƙa leƙowa yana dubawa, kuma ba na ba ɗan aike kayan gyara.

Ya dube ni, ya dubi rikodar. Ina jin ya gane. Ya ce, "To, zan shigo ranar Asabar."